Mariƙin Katako

"Ran Asabar za mu zo," in ji Eliezer. "Mama har ta fitar da rigarta ta zuwa coci ta goge."

Yudelka ba ta ɗago ba. Dutsen gugar mahaifiyarta ne a hannunta, ta danne shi da dukkan ƙarfinta a kan wata takarda mai sheƙi da ta kifa a kan allon jan ƙarfe, tana ƙirge a ranta. In ta ɗaga da wuri zanen ba zai kama ba, in ta daɗe kuma ya caɓe.

"Yude, da ke nake magana."

"Ina jin ka. Saba'in da ɗaya, saba'in da biyu..."

"Shekara biyu ke nan kina ji na."

Sai da ta kai ɗari da ashirin sannan ta ɗaga dutsen gugar, ta kama allon da tsumma ta jefa shi cikin robar ruwa. Ta juyo. Yana tsaye a ƙofar ɗakin aikin da ke bayan gidansu, hularsa a hannu, rigarsa na ƙamshin tafarnuwa kamar kowace Alhamis in ya sauko daga Constanza da lodi zuwa kasuwar Moca.

"Wa ya ce ka sa rana ba ka tambaye ni ba?"

"Na tambaye ki a Janairu, kika ce sai kin gama zane. Na tambaye ki lokacin Ista, kika ce sai kin gama alluna. Yanzu ga akwatinki can a gama, har fenti kin yi masa."

"Papi bai yarda a haɗa shi ba."

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba, Eliezer."

"Ni na sani. Sai na yi furfura, ki zo ki aure ni ina dogara sanda."

Ta juya ta leƙa allon da ke cikin ruwa.

Bari in faɗa muku yadda abin yake, don kada ku ga laifin yarinyar nan.

Mahaifiyarta, Doña Eneida, shekara uku ke nan da huhunta ya gaza. Tana kwance a ɗakin gaba da siririn tiyo a hanci, injin iska na gefen gadonta yana huci ba dare ba rana. Injin nan kuwa wuta yake ci. Wutar unguwarmu kuma kun san halinta, a kawo da safe, a ɗauke kafin wake ya nuna. Abin da ke riƙe da numfashin matar nan in an ɗauke, wani tsohon inbata ne mai jan wuta daga batir, wanda mijinta Don Nicanor ya ƙera da hannunsa shekara goma sha tara da suka wuce. Maza biyu ke ɗaga shi. Duk layin Jaki muke ce masa, saboda gurnaninsa da taurin kansa.

Don Nicanor a zamaninsa babu na biyunsa. Rabin gidajen unguwar nan da inbatansa suka fara shan ruwan sanyi lokacin da babu wuta. Da hannu yake naɗa wayar taransifoma, yana ƙirge yana waƙa. Sai ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi bara waccan. Ya tashi, amma hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba, rawa yake kamar ganyen ayaba, ko kofin kofi sai da hagu. Tun daga nan, duk ranar da Jaki ya yi gardama, kuma da wuya sati ya wuce bai yi ba, Yudelka ce ke durƙusawa a gabansa, uban na tsaye a kanta yana nuna mata inda za ta taɓa.

Shi kuma Eliezer mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da uwa a kan dutse. Ba zai iya saukowa ya zauna a nan ba. Tsakanin Constanza da Moca tafiyar awa biyu ce, in hanya ta yi kyau. Doña Eneida ba ta da awa biyu.

Shi ya sa Yudelka ta zauna wata takwas tana ƙera abin da ba zai buƙace ta ba.

Akwatin ƙarfe ne mai ramuka huɗu, kamar aljihunan tebur. Alluna uku na aiki tare, kowanne ɗauke da kasonsa na nauyi. In ɗaya ya mutu, biyu za su riƙe injin har a zare mataccen a tura na huɗu da ke jira a ramin ƙasa. Babu kwance ƙusa, babu liƙi. Fitilar goshinsa ta koma ja daga kore, ka ja, ka tura, shi ke nan. Ita ta zana hanyoyin wutar a kwamfuta, ta buga a takarda, ta goge su a kan jan ƙarfe, ta jiƙa a ruwan magani ya cinye inda ba a so, ta huda ƙananan ramuka har yatsunta suka yi kanta. A goshin kowane allo kuma ta ɗaura mariƙin katako mai kauri. Kaurin ma a ɓoye ta auno shi, daga kan sandar da ubanta ke dogarawa.

To mariƙin nan shi ya ja mata.

Sati uku kafin wannan Alhamis ɗin ta nuna masa. Ya ɗauki allo ɗaya da hagu, ya kai shi bakin taga, ya bi zanen da babban yatsa a hankali.

"Hanyar nan ta yi siriri. Nan, a kwanar da wuta ke fita."

"Kwamfuta ta lissafa, Papi. Ta isa, har da rara."

"Kwamfutarki ta taɓa zama a ƙarƙashin kwanon gidan nan da ƙarfe biyu na rana?"

"Papi, yanzu ai an daina lafta dalma kamar da."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Idonsa ya sauka a kan katakon.

"Wannan fa, don hannun wa aka yi shi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambayar ki nake."

"Don... don kowa ya iya..."

"Don mataccen hannu. Ki faɗa mana." Ya ajiye allon a hankali kamar ƙwai. "Kin ƙera akwatin da ko biri zai iya sarrafawa, don ki samu ki hau dutse da mai tafarnuwa. To muddin ina raye, matata ba za ta yi numfashi da kayan wasan yara ba."

Washegari da safe ta same shi a baranda kamar kullum, ta sunkuya ta ce, "Sa mini albarka, Papi." Abin da take faɗa tun tana koyon magana, kuma tun tana koyon magana yake amsawa. Ran nan ya kurɓi kofinsa ya dubi titi. Kwana ashirin da ɗaya ke nan tana roƙo, yana duban titi.

Duk wannan Eliezer ya sani. Ya matso, ya ajiye ɗan kwandon jajayen 'ya'yan itacen gonarsu a kan tebur, nesa da robar maganin.

"Na Maminki ne, kada ki cinye."

"Eliezer, so kake in zaɓa tsakaninka da numfashinta?"

"A'a. So nake ki bar ni in tsaya kusa da ke lokacin da zai ce a'a. Na gaji da jin labari a bakin ƙofar baya kamar mai sayar da gawayi." Ya sa hularsa. "In kuma ke ce ba kya so, masoyiyata, ki faɗa mini yanzu, kada in wahalar da tsohuwa a kan hanyar nan."

"Ka san ba haka ba ne."

"To Asabar."

Ran Juma'a tana goge wa mahaifiyarta jiki, Doña Eneida ta kama hannunta. Maganarta a gutsure take fita, sai ta huta tsakanin kalma da kalma.

"Na ji ku... jiya."

"Mami, ki huta."

"Ki bar shi... ya zo. Ki dafa farfesun sankoco... mai nama uku."

"Papi zai kunyata su."

"Shekara talatin da huɗu... ko ƙwan fitila... ban taɓa canzawa ba. Komai shi." Ta juya ido wajen da gurnanin Jaki ke fitowa. "Wancan kaɗai... ya rage masa."

Yudelka ta kifa kanta a gefen gadon, uwar tana shafa mata gashi da yatsu marasa ƙarfi.

Asabar ta zo da zafin da ko kare bai yarda ya fito ba. Tun ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Jaki na ta gurnani a lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin gaba, sankoco na tafasa, Yudelka na kai da kawo.

Ƙarfe ɗaya suka iso a motar haya. Doña Tomasina, mahaifiyar Eliezer, 'yar ƙaramar mata ce mai kaifin ido. Tun daga ƙofa take fifita da jakarta.

"Yau na ga ikon Allah. Ku a cikin wannan tanderun kuke kwana? 'Yata, ba ni ruwa kafin in narke a bar ku da riga."

Don Nicanor ya karɓe su a baranda cikin farar rigarsa ta biki, hannun dama a ɓoye cikin aljihu. Ya ba ta kujera mai lilo. Ya gaishe ta da ladabi mai sanyi, irin wanda ya fi zagi ciwo. Yudelka ta kawo kofi ta koma ta laɓe a bakin ƙofa.

Eliezer ya gyara murya.

"Don Nicanor, na zo ne tare da mahaifiyata..."

"Yaya sanyi a wajenku bana?"

"Da sauƙi, Don. Abin da ya kawo mu..."

"Ruwan sama fa? An ce kabeji ba ya son ya yi yawa."

Doña Tomasina ta dire kofinta.

"Don Nicanor, ban yi awa biyu hanjina na juyawa a kwanonin dutsen nan don in ba ka labarin ruwan sama ba. Ɗana yana son 'yarka. 'Yarka, in ba idona ne ya lalace ba, ga ta can tana yayyage labule da farce. Mun zo neman aurenta."

Ya buɗe baki zai amsa.

Sai gidan ya yi tsit.

Sai da aka ɗan jima kafin kowa ya gane me ya ɓace. Gurnanin ne. Bayansa ƙarar injin iska ta biyo, siririn kuka mai huda kunne, sannan wani wari mai ɗaci ya taso daga lungu.

Yudelka ta riga kowa isa. Hayaƙi na fita ta ramukan jikin Jaki. Ta fizge wayar batir, ta ɗaga murfin da gefen siket ɗinta. Ubanta ya iso yana jan ƙafa.

"Fis ne. Duba fis."

"Ba fis ba ne, Papi."

Ya leƙa. Naɗin wayar da ya yi da hannunsa yana waƙa ya koma baƙi ƙirin, yana ɗiga.

Eliezer ya riga ya shiga ɗakin gaba ya sauya tiyon zuwa ƙaramar tukunyar iskar da ake ajiyewa don irin wannan rana. Ya leƙo, fuskarsa ba kyau.

"Yude, allurar tana kan ja."

"Na sani. Sai Litinin mai kawowa zai zo."

"Minti nawa?"

"Goma. Sha biyar in Allah ya taimaka."

"A kai ta asibiti mana," in ji Doña Tomasina.

"Kafin a samo mota a fitar da ita a wannan ranar, iskar ta ƙare a hanya." Yudelka ta juya wajen ubanta. "Papi, minti biyar zan haɗa nawa. Batiran nan lafiyarsu lau. Don Allah."

Yana tsaye yana kallon Jaki kamar wanda ke kallon gawar ɗan'uwa.

"Papi..."

Daga ɗakin gaba wata 'yar murya ta fito, da kyar.

"Nicanor..."

Ya rufe ido. "Ɗauko," ya ce, bai dube ta ba.

Eliezer ya rungumo akwatin daga ɗakin aiki a guje. Yudelka ta durƙusa, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ta ɗaure, ta sake dubawa, ta sake dubawa, gumi na shiga mata ido. Ta danna makunni. Fitila ɗaya kore. Ta biyu. Ta uku. A ɗakin gaba injin iska ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya kama huci.

Ta ruga ta mayar da tiyon da hannunta. Leɓen Doña Eneida da suka fara yin toka suka soma dawowa. Allurar tukunyar ta kwanta gaba ɗaya. Doña Tomasina ta zauna a ɗaya gefen gadon da carbi a hannu ɗaya, kwali a ɗayan tana yi wa marar lafiya fifita. Eliezer na ɗaga mata matashi.

"Ya yi aiki, Injiniya," ya raɗa wa Yudelka. "Abinki ya yi aiki."

Tana ƙirga numfashin uwarta. Ta kai wajen ɗari biyu.

Sai ta ji ƙarar da ita da kanta ta saka wa akwatin, ƙarar da ke nufin allo ya mutu.

Ta fita tana tuntuɓe da kujera. Kafin ta kai lungun ƙarar ta tsaya.

Don Nicanor na durƙushe a gaban akwatin. Hagunsa na dafe da bango don kada ya faɗi. A damansa, hannun nan da ba ya riƙe cokali, ga mataccen allo a damƙe ta mariƙin katako. Na huɗun kuma ya riga ya shige ramin mataccen. Kore uku na haske.

Suka dubi juna. Shi ma kamar bai yarda da hannun nasa ba.

Ya juyo da allon ya nuna mata. A kwanar da wuta ke fita, daidai inda babban yatsansa ya tsaya sati uku da suka wuce, hanyar ta tsinke, gefenta ya ƙone.

"Papi, ka faɗa mini, ni ce ban..."

"Ba yanzu ba. Daga zane nawa kika buga su?"

"Ɗaya."

"Duka huɗun?"

"Duka."

"To duka huɗun ciwo ɗaya gare su."

Wata takwas tana shirin ranar da allo ɗaya zai mutu. Ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa 'yan uwa ɗaya ne ba, inda ya kashe na fari nan zai kashe sauran. Ta kai bayan hannunta kusa da na biyu. Zafi ya buge ta. Ramin ƙasa kuma yanzu babu komai a ciki.

"In kashe fanka... in rage..."

"Babu abin ragewa, injin kaɗai ke kai. Tashi ki share tebur." Muryarsa ta canza. Muryar da muka sani ce a da, wadda ake jiyowa daga ƙarshen layi. "Kai, mai tafarnuwa."

Eliezer ya fito. "Na'am, Don."

"Ka san murhu?"

"Na sani."

"Ƙarƙashin teburin ɗakin aiki akwai akwatin katako. A ciki akwai ƙarfen liƙi mai kai kamar guduma. Sauke tukunyar sankoco ka ɗora shi a wuta. Ɗan tsinken liƙinta na lantarki ba zai narkar da abin da nake so ba, kuma ba mu da wutar ba shi." Ya juya. "Ke, yanko waya mai kauri, ki fere ta. Guda huɗu, tsawon yatsa."

"Daga ina, Papi?"

Ya nuna Jaki da haɓa. "Daga jikinsa. Ba ya buƙatar ta kuma."

Haka aka mayar da teburin cin abinci wurin aiki. Yudelka ta kankare ƙonannen wurin, ta lanƙwasa wayar Jaki ta bi kwanar. Eliezer ya kawo ƙarfen yana hayaƙi, ta karɓa, shi ya danne wayar da filaya. Uban na tsaye a kansu.

"Ƙara dalma. Ƙara, ba ta gadonki ba ce. Bar shi ya kwanta. Kada ki hura. Yanzu ɗaga."

Abin ya fito kamar tsutsa ta kwanta a kan allo. Muni kam ya yi muni. Don Nicanor ya karɓa ta mariƙin, ya ja ƙafa zuwa lungu, ya zare na biyu, ya tura gyararren. Kore.

"Saura uku. Mayar da ƙarfen wuta."

Na biyun ya tafi lafiya. A na uku ne wayar ta ƙi kwanciya, duk lokacin da filaya ta danne nan sai can ya ɗaga. Daga lungu kuma fitilar allon da ba a kai ga gyarawa ba ta fara ƙyaftawa.

"Papi, yana ƙyaftawa."

"Na gani. Idonki a kan aikinki."

"Ƙarfen na hucewa..."

Eliezer ya ajiye filayar ya danne ɗaya ƙarshen da babban yatsansa.

"Liƙa."

"Za ka ƙone."

"Liƙa, Yude."

Ta liƙa. Zafin ya bi wayar, narkakkiyar dalma ta gangaro ta taɓa gefen yatsan. Ta ji ƙaurin fata. Bai motsa ba, haƙoransa kawai ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi. Don Nicanor na kallon yatsan, yana ƙirge da leɓe.

"Saki."

Tsohon ya fizgi allon tun bai gama hucewa ba. Yudelka ta bi shi da ido, yadda yake jefa ƙafar nan marar ƙarfi, yadda farar rigar bikin ta manne masa a baya. Fitilar ta koma ja daidai lokacin da hannunsa ya kama katakon. Ja, tura. Injin iska bai ko yi tari ba.

Na ƙarshen da ya zaro shi ma ya tsinke a wuri ɗaya. Suka gyara shi a natse, aka mayar da shi ramin ƙasa ya zauna jira. Don Nicanor ya ɗora bayan hannunsa a kan kowanne, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, tsakanin sabon akwatin da gawar Jaki.

Wajen ƙarfe huɗu aka ji yaran layi sun kaure da ihu, "An kawo! An kawo!" Rediyon kantin kusurwa ya farka a tsakiyar waƙa. A gidan Don Nicanor babu wanda ya tanka.

Doña Eneida ce ta sa aka tattaro kowa a ɗakinta. Yudelka na shafa wa Eliezer man goge baki a yatsa, hawaye na zuba mata ba ta ma sani ba. Doña Tomasina ta mayar da carbinta jaka, ta gyara zaman rigarta ta coci da ta jiƙe sharkaf.

"To, Don Nicanor. Ruwan sama dai muna samu, mun gode Allah. Kabeji ma lafiya. Sai maganar da ta kawo ni."

Bai dube ta ba. Eliezer ya duba.

"Me ya sa ba ka saki ba?"

"Ba ka ce in saki ba, Don."

"Hm."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya kalle shi, yana rawarsa kamar kullum. Ya rufe shi a hankali, ya buɗe.

"Yudelka."

"Na'am, Papi."

"Katakon nan ya yi santsi. Gumi na sa shi zamewa. Ki naɗa masa zare kafin ki tafi."

Ta ɗago. "Kafin in..."

"Kuma ki buga wasu biyu, da hanya mai faɗi. Ni zan duba zanen. Kwamfutar ta zauna ta kalla, ko ta koyi wani abu."

Ba ta san lokacin da ta zube a gabansa ba. Ta kama gwiwoyinsa, maganar ta fito a kakkarye.

"Sa mini albarka, Papi."

Ya ɗora mata hannun, na daman, ta ji rawarsa a tsakiyar kanta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya yi miki har da ta kwanakin da na riƙe."

Eliezer ya matso yana murza hularsa. "Ni ma, Don... ko in ce Papi?"

"Kai kuma kada ka yi gaggawa. Je ka mayar da tukunyar nan kan wuta tukuna, ka bar mutane da yunwa tun rana."

Doña Eneida ta yi dariya har tiyon ya zame, aka yi ca a kanta ana gyarawa.

A watan Disamba aka ɗaura auren. Da yake uwar amarya ba za ta iya zuwa coci ba, Fada ne ya zo gida. Aka buɗe ƙofar ɗakin gaba, aka juyo da gadon yana fuskantar falo, aka sa wa Doña Eneida jan baki. Mu maƙwabta muka cika baranda har titi. Yudelka na tsaye cikin farar riga, hannunta cikin na Eliezer, babban yatsanta a kan tabon nasa.

Fada ya kai daidai inda ake tambayar amarya, sai fankar sama ta fara rage gudu. An ɗauke.

Amarya ta juya za ta nufi lungu da rigarta da komai. Ubanta ya tare ta da sanda. Ya karkata kansa, ya leƙa ta bayan kafaɗar mutane. Kore uku. A gefen gado injin na hucinsa.

"Koma wurinki," ya ce mata a hankali. Sannan ya ɗaga murya. "Ci gaba, Fada. Muna jin ka."